Guntun Wayar Kwanyawa

Tudun Kaya, Laraba da hantsi.

Zuwa ga Yaya Nasiru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa, duk da cewa tsakanin ɗakinka da namu bai fi taku goma ba, kuma ɗazu na durƙusa na gaishe ka ka amsa da asuwaki a baki. Allah ya kai ka Rogo lafiya gobe, ya tsare maka hanya, ya tsare ka a wurin aiki.

Zan faɗa maka abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Littattafan soyayyar nan da kake min tsiya a kansu, kana cewa wata rana zan faɗa rijiya ina karatu, ba kullum nake karanta su ba. In na zauna a bakin zaure na buɗe littafi a cinya, sau da yawa shafi ɗaya ne a gabana har a kira la'asar. Baba nake saurare. Littafin rubutun nan mai koren bango kuma, da kake zaton na makaranta ne, labarin soyayya na fara rubutawa a ciki tun bara. Na kai shafi na tara, saurayin ya tsaya a ƙofar gidan su budurwar ya rasa abin cewa, ni ma na rasa abin da zan sa masa a baki. Sai na juya littafin ta baya na fara rubuta maganganun Baba. Yanzu bayan ya fi gaban cika. Ko Umma ba ta sani ba. In ka faɗa wa wani, ba ni ba kai.

Ga abin da ya sa na tona kaina. Ranar Litinin kana tsakar gida kana waya da Alhajin da ya ba ka aiki a gonarsa ta Rogo. Ka ce daga falwaya ta ƙarshe zuwa shagon injinan zai yi mita ɗari biyu, ka ce waya mai kaurin mili shida ta isa, don jadawalin da aka koya muku a makaranta ya nuna za ta ɗauki nauyin har da rara. Ka ce za ka kai masa jerin kayan ranar Alhamis, ya tura direba Kano a sayo. Baba yana zaure yana gyaran fankar wani. Na ga ya ajiye sukundireba. Ya daɗe yana kallon fankar kamar ita ta yi maganar.

Ka san ba zai kira ka ba. Kai ɗan fari ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ya kama sunanka ba, sai dai "yaron nan", ko "wancan". In ka shigo zaure ya amsa gaisuwa ya mai da kai ga aikinsa. Ni kuwa sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa yake ce min Uwata, kuma ba abin da ba ya faɗa min. To tun daga ranar Litinin ɗin bai huta ba, ni ma bai bar ni na huta ba. "Uwata, na taɓa ba ki labarin Yola?" "Uwata, kin san abin da ya raba ni da manyan ayyuka?" Yana faɗa yana ɗaga murya wajen ɗakinka, kai kuma kullum ka fita. Jiya na ce, "Baba, me zai hana ka faɗa wa Yaya?" Ya ce, "Wane Yaya? Ni hira nake da uwata."

Shi ya sa na haɗa su na mai da su wasiƙa, kamar shi ya rubuto maka. Bai sa ni ba, bai ma sani ba. Da farko na buɗe ta da "Ya kai ɗana, sanyin idona", sai na ga ko a mafarki Baba ba zai faɗi haka ba, na soke. Ga ta yadda na fi jin zai yarda.

*

Zuwa ga yaron nan.

Bayan sallama da fatan alheri. Allah ya yi maka albarka, ya raba ka da sharrin ƙarfe da na wuta, ya sa ka fita da ƙafar dama. Ba labarin gida zan ba ka ba, gida ka san shi. Kurakuraina zan lissafa maka, don gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Kun taso kun ji ana cewa ciwon baya ne ya sa na bar jan waya na dawo gyaran fanka da rediyo a zaure. Bayana lafiyarsa ƙalau, ka ga yadda nake huɗa. Kunya ce ta zaunar da ni. Zan zo kanta, amma bari in fara daga tushe.

Na koyi aiki a Kano wurin maigidana Malam Iro, Allah ya jiƙansa. Duk ranar da aka kawo aiki mai nisa, sai ya yagi takardar buhun siminti ya zauna yana lissafi da guntun fensir. Ni ina tsaye a kansa ina gyaɗa kai. Ya kan ɗago ya ce, "Ka gane?" In ce, "Na gane, maigida." Wallahi ban gane ba. Na iya haɗa soket ido a rufe, na iya hawa falwaya kamar biri, sai nake ganin in na ce ban gane lissafi ba girmana ya zube. Shekara huɗu ina gyaɗa kai. Aka yaye ni da hannu mai kyau da kai fanko a wannan fannin. Kai ka yi makaranta, ka fi ni takarda, amma cutar ɗaya ce, kuma ina jin gadonta ake. In ba ka gane ba ka ce ba ka gane ba. Ka kira malamin da ya koyar da kai, ka kira wanda ya girme ka a aiki. Kunyar tambaya ta minti ɗaya ce.

Aikina na farko da na yi ni kaɗai a Yola ne, wannan tamu ta nan kusa. Mai gonar ya ce ba ya son ganin waya a sama saboda motar da ke shigowa kwasar hatsi, a binne ta. Na ce to. Na sa aka yi ɗan rami da fartanya, zurfinsa bai kai kamu ɗaya ba, na shimfiɗa waya irin ta cikin ɗaki tsirararta na mai da ƙasa. Rani ya wuce lafiya, ina ta yabon kaina. Da ruwa ya sauka aka shigo da garmar shanu. Bakin garmar ya tsinke ta kamar zare. Allah ya taimake ni ranar an ɗauke wuta. Da akwai wuta, da ban san me zan ce wa mai shanun ba, ko iyalan mai riƙe da garmar. Na je na tarar da mai garmar a zaune a kan kunya, ya naɗe wayar a hannu yana jirana. Ya ce, "Mai wuta, dankalinka ne na tono, ko rogo ka shuka mana?" Mutane suka yi dariya, ni ma na yi. Sai da na hau keke na bar gonar dariyar ta ƙare.

Saboda haka in za ka binne, ka sayi kebul mai sulke, wanda aka naɗe da ƙarfe don zaman ƙasa. Rami ya wuce inda garma da fartanya ke kaiwa nesa ba kusa ba. Ka zuba yashi ƙasa da sama, ka jera bulo ko wata alama a kai, yadda mai tono zai ci karo da ita kafin ya kai ga wayar. Ka bi gefen gona, kada ka ratsa tsakiya don neman gajarta. Kuma ka zana wa mai gonar inda ta bi, don kai za ka tafi, ita za ta zauna. In ta sama za ka bi, ka tuna da motar da aka yi wa lodin rake har ta fi ɗaki tsawo.

A wannan gonar dai na sake yin wani kuskuren. Na tambayi mai gonar me zai kunna, ya ce ƙwai huɗu da dutsen wasa wuƙa. Na auna masa daidai wannan. Bayan kaka ya samu amfani, ya sayo injin walda. Ba laifinsa ba ne. Manomi in ya ga wuta ta zo, zuciyarsa ba ta tsayawa inda bakinsa ya tsaya. Kada ka tambayi Alhajin Rogo abin da yake da shi kawai. Ka tambaye shi abin da yake mafarkin saye. Ka zauna ka sha shayinsa ka bar shi ya yi ta zuba. Ka tambayi wanda zai riƙa aiki a shagon, shi ya fi sanin gaskiya. Waya sau ɗaya ake binne ta, inji kuwa kowace kaka ana ƙaro shi.

Akwai kuma ranar da na sayi waya a kasuwa saboda rubutun da ke jikinta da kyan kwalinta. Da na fere ta a gida, roba ce ta yi kauri, ƙarfen ciki kamar tsinken tsintsiya. Na kankare shi da wuƙa, sai ga fari a ƙarƙashin jan. An shafa mata launin jan ƙarfe ne kawai. Kada ka bar direba ya sayo maka waya shi kaɗai. Ka bi shi. Ka sa a yanka bakinta a gabanka, ka kankare, ka auna kaurin ƙarfen, ka ɗaga naɗin ka ji nauyinsa. In mai shago ya ɓata rai, ka yi masa sallama ka shiga na gaba. In kuma da saninka za ka sayi ta alminiyon saboda sauƙi, babu laifi, amma ka sani ba ta kai jan ƙarfe ɗaukar wuta ba. Dole ka ƙara kauri, kuma ka nemi maɗaurin da aka yi dominta.

*

Yaya, ni ce Jidda na katse. A nan jiya Baba ya ce in kawo masa ruwa. Na kawo, ya riƙe kofin bai sha ba. Abin da ke tafe bai taɓa ba ni shi ba sai jiyan. Na yi ƙoƙari ban ƙara masa gishiri ba, ko da yake ka san hannuna da son ƙari.

*

Yanzu Kwanyawa.

Lokacin kana rarrafe. Malam Mato, dattijo mai gona a bayan garin Kwanyawa, ya sayar da shanu ya sayo injin niƙa mai aiki da lantarki. Ya gina masa rumfa a can ƙarshen gonar, kusa da rijiya, don ƙara da ƙura su yi nesa da gidaje. A rumfar yake son a riƙa gyaran garma da amalanke ma. Matan unguwar sun gaji da ɗaukar hatsi a ka zuwa wani gari, kowa ya sa ido. Ya aiko aka kira ni, don a lokacin in an ce mai wuta a yankin nan, ni ake nufi.

Na tsaya a gindin falwaya na hangi rumfar, na sa hannu a goshi kamar mai duban wata. Na ce mita ɗari ce, ko ta ɗan gota. Tef ɗin awo yana cikin jakata, ban ciro shi ba. Ina ganin in na ciro, za a ce idona bai ƙware ba.

Ido tsuntsu ne, tashi yake ya sauka. Waya kuwa da ƙafa take tafiya. Ranar ja sai ga kwari a tsakani, dole a kewaye. Ga rumbu uku. Ga wata kuka da Malam Mato ya ce kakansa ya sha inuwarta, ko reshe ba za a taɓa ba. Kafin mu kai rumfar, tafiyar ta kusa ninka abin da na faɗa. Wayar da na sa aka sayo, wadda dama siririya ce ko a tsawon farko, ta ƙare saura kamar taku talatin.

A nan ne ya kamata in je in durƙusa in ce, Malam, na yi kuskure, a dakata. Ban je ba. Akwai ragowar wata waya a jakata, ta fi waccan sirantaka. Na waiga ba mai kallona, na murɗa su tare na naɗe da baƙin tef. Na ɗaura ƙwan fitila a rumfar, na kunna, ya kama fes. Na ce aiki ya yi.

Ƙwai maƙaryaci ne. Abin da yake sha kaɗan ne, ko zare ka ba shi zai yi maka murmushi.

Ranar buɗewa da hantsi mata suka jera kwanuka tun daga bakin rumfa har gindin kukar. An dafa shinkafa, liman ya yi addu'a. Malam Mato ya ce ni zan fara tayarwa, don girmamawa. Na danna. Ƙwan nan ya yi ja kamar garwashin da ya kwana. Moton injin ya yi gurnani, ya juya da ƙyar, ya kasa ɗaukar gudu. Mai hankali kashewa zai yi nan take. Ni na ce sabo ne, bai saki jiki ba, a zuba hatsi. Aka zuba. Ya yi ta nishi, ina tsaye ina murmushin ƙarfin hali, har warin ƙuna ya tashi. Fiyus ɗin da zai cece shi ma na sa wanda ya fi ƙarfin wayar, don kada ya riƙa yankewa ya ba ni kunya. Koyil ɗin cikin moton ya ƙone ƙurmus. Can wajen da na yi haɗin, hayaƙi na tashi daga tef ɗin.

Ba wanda ya zage ni. Da an zage ni da na fi samun sauƙi. Matan suka ɗauki kwanukansu ɗaya bayan ɗaya suka aza a ka, suka kama hanyar da suka saba. Wata tsohuwa ta wuce ta gabana ta ce, "Sannu da ƙoƙari, ɗan nan." Malam Mato ya taka har wajen haɗin, ya tsuguna ya duba, ya daɗe. Ya ciro wuƙarsa ya yanke guntun, ya zo ya sa min a tafin hannu ya rufe da nasa. Ya ce, "Mai wuta, zo ka ci shinkafa, ba ta yi laifi ba." Iyakar abin da ya ce ke nan har ya bar duniya. Daga ranar duk wanda ya zo da babban aiki sai in ce bayana na ciwo.

To ka ji. Yanzu ga abin da na gane bayan an gama, wanda Malam Iro ya yi ta rubutawa a takardar siminti ina gyaɗa kai.

Jadawalinku bai yi ƙarya ba. Mili shida za ta ɗauki nauyin injin ba ta yi zafi ba. Amma tambaya biyu ake yi wa waya, kai ɗaya ka yi. Ta farko, za ta iya ɗauka? Ta biyu, in ta ɗauka, nawa za ta isar? Ka san masu noman rani a bakin dam. Ka ba mutum siririyar mesa ka ce ya ja ruwa taku goma, zai fito da ƙarfi. Ka ƙara mata tsawo har ƙarshen fadama, injin bai canja ba, amma ruwan zai fito kamar fitsarin akuya. Haka wuta take. Kowane taku tana zubar da kaɗan a hanya, kuma tafiyarta biyu ce, zuwa da dawowa. Mita ɗari biyunka, ɗari huɗu ce a wurinta.

Moto kuma ba kamar ƙwai ba ne. In wuta ta zo masa da rauni ba ya haƙura, ƙara ja yake, yana ja yana zafi har ya kashe kansa. Lokacin tashi ma ya fi haɗama, yakan ja ninkin abin da yake ci a guje sau da yawa. A wannan lokacin ne siririyar waya ke cin amanarsa.

Na ji abin da ka lissafa wa Alhaji: injin ɓarar masara, dutsen wasa, fitilu. Na ɗauka duka za su ja wuta amfiya ashirin. A mita ɗari biyu, mili shida ta jan ƙarfe za ta zubar da wajen bolt ashirin da biyar kafin ta isa, injin yana gudu ke nan, ba a maganar tashi. Abin da aka yarda da shi kada ya wuce biyar cikin ɗari na ƙarfin wutar, wato bolt sha ɗaya da ɗan ɗori. Mili goma ma ba ta tsallake ba. Mili sha shida za ta zubar da wajen tara, ita ce ta farkon da zan iya kwana a kanta. In kuwa akwai walda a zuciyar Alhaji, kuma akwai, ka duba mili ashirin da biyar. Kada ka yarda da lissafina don ni na yi. Ka auna hanyar da tef, ta inda wayar za ta bi da ƙafarta, har hawa da sauka, ka ƙara rara. Ka karanta farantin da ke jikin kowane inji da idonka. Sannan ka zauna ka yi naka. In namu ya saɓa, ka nemi na uku.

Abin yanke wuta ka sa shi daidai ƙarfin wayar, ba daidai son ranka ba. Ka kafa wayar ƙasa a shagon, mai zubar da wutar da ta ɓalle, ka ɗaure jikin kowane inji da ita, don mutanen da za su taɓa su da jiƙaƙƙen hannu 'ya'yan wasu ne. Kada ka yi haɗi a tsakiyar hanya in da hali. Ranar gwaji kada ka tara jama'a. Ka sa mitarka ta auna wuta a can ƙarshen, a tayar da komai lokaci ɗaya, a zuba masara, ka ga abin da allura ta ce. Sannan a dafa shinkafa.

Na san abin da ke ranka. Aikinka na farko ne babba, kana tsoron in ka koma ka ce wa Alhaji maganar ta canja, zai ga kamar ba ka san aikinka ba, ko ya ce ta yi tsada ya nemi wani. Zai iya. Ka gaishe shi da ladabi ka ce, "Alhaji, na sake lissafi, na farkon bai yi ba." Ka nuna masa takardar. In nauyin ya yi masa yawa, akwai hanyoyi: a matso da shagon kusa da falwaya tun ba a yi rufi ba, ko a ajiye janareta a gefen injinan. In ya dage sai siririya, ka yi masa godiya ka ɗauki jakarka. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Gida bai kore ka ba, tuwo bai ƙare ba. Wanda ya ce "na yi kuskure" a kan takarda, fensir kawai ya ɓata. Ni na ƙi faɗa a takarda, na faɗa da hayaƙi a gaban unguwa guda.

Saura kuskure ɗaya, shi ne mafi tsawo. Ranar da ka ce aikin wuta za ka karanta, na ji daɗin da ban taɓa ji ba, na shiga zaure na rufe ƙofa don kada a gani a fuskata. Ranar da ka haɗa wutar masallacin unguwa na je bayan kowa ya watse, na bi ta da hannu tun daga mita har ƙwan ƙarshe, ban samu abin gyara ba. Ban faɗa maka ba. Haka muka tarar iyayenmu na yi da ɗan fari, kuma ban ce sun yi laifi ba. Amma kunya ba ta hana a miƙa wa mutum abin da zai tsare shi, ni na bari ta hana. Sunan da ba na kira, shi na fi faɗa a sujada.

Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. Allah ya tsare hannunka da idonka, ya tsare waɗanda za su yi aiki a ƙarƙashin abin da ka haɗa. Allah ya haɗa ka da iyayen gida masu jin magana, ya ba ka bakin faɗin gaskiya tun tana da sauƙi. Ka riƙe salla, ka kashe wuta kafin ka taɓa, ko an rantse maka an kashe. Uwarka tana gaishe ka, ita ma ba za ta faɗa ba.

Wassalam. Mahaifinka.

*

Yaya, ni ce kuma. Dole in faɗa maka gaskiya. Lissafin nan ba daga kaina ba ne, ka san ni da lissafi. A bayan tsohuwar kalanda Baba ya yi shi, ya bar ta a kan tabarmar zaure kwana biyu, daidai inda kake cire takalmi. Ka tsallake ta sau nawa ban ƙirga ba. Ni na kwafe.

Sakin layin nan kuma na kuskure mafi tsawo, Baba bai faɗe shi ba. Zuwansa masallaci gaskiya ne, na gan shi ta katanga. Rufe ƙofar zaure ma Umma ta taɓa ba da labari tana dariya. Amma kalmomin nawa ne, har da maganar sujada. Wataƙila littattafan ne suka yi min yawa. Saurayin labarina ya kasa magana wata tara, sai ga shi na sa Baba ya yi. Na so in yage shafin, na kasa. Na so in yage wasiƙar duka, don ina tsoron ka yi min dariya, na fi tsoron Baba ya ji na tona abin da ya rufe tun kana rarrafe. Zan kwana a kai.

Alhamis da safe.

Na idar da shara na zauna a bakin zaure, wasiƙar tana cikin littafina, na riga na yanke cewa ba zan bayar ba. Kai kana ciki kana ɗaure jaka, ina hango takardar jerin kayan a aljihun rigarka. Baba yana buɗe bayan wata rediyo.

Ya ce, "Uwata, yau ma shafin ya ƙi juyuwa?"

Na ce, "Labarin ne ya yi wuya, Baba."

Ya jawo tsohon gwangwanin madarar nan da yake tara kusoshi, ya zazzage shi a tabarma. Daga ƙasa ya ɗauko wani abu a ƙunshe a tsumma. Guntun waya ne, bai fi tsawon yatsa ba, gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri, tsakiyar ta narke ta yi baƙi. Ya ɗora shi a kan littafina, ya ɗora tef ɗinsa na awo a kai.

Ya ce, "Sun cika min gwangwani. In akwai mai tafiya, a sa masa a jaka."

Na ce, "Wa ke nan, Baba?"

Ya ce, "Ke kika san masu tafiya." Ya mai da kai ga rediyonsa. Har na miƙe, sai ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Rumbun Malam Mato huɗu ne, ba uku ba. Mai rubutu ya riƙa tambaya."

Yaya, jiya da na tafi ɗebo ruwa a zaure na bar koren littafin. Na tsaya ina jira ya ce wani abu a kan sakin layin da na ƙirƙira, ya ce in cire, ko ya ce ƙarya na yi masa. Ya hura ƙurar rediyon, ya nemi sukundireba. Rumbu kawai ya gyara.

Na bar ukun yadda yake, ka gyara da hannunka. Na ji mai babur ya tsaya a ƙofar gida, Umma tana ƙulla maka ƙuli-ƙuli. Ba zan sa ta a jaka ba, don na san ka, sai ka kai Rogo ka miƙa jerin kayan kafin ka buɗe. A hannunka zan sa ta, da guntun wayar da tef ɗin, kuma zan tsaya a gabanka har ka karanta, ko za ka yi min dariyar duniya. Mai babur ya jira.

Allah ya tsare.

Ƙanwarka,
Jidda